Jakin Maginiya da Rijiyoyi Biyu

Malam, tun ɗazu kake ja da ni a kan jari-hujja da gurguzu, wanne ya fi tausayin talaka. Ni ban yi boko ba, amma gyara zama in ba ka misali.

Wata maginiyar tukwane ce ta ɗora wa jakinta tuluna a tsakiyar bazara, ta nufi kasuwa mai nisan yini guda. Jakin nan shi ne ƙafarta, shi ne abincin 'ya'yanta, ba ta da wani. Rana na take tsaka ya fara haki, sai ta ratse wani ƙauye. Rijiyar garin ta mutum ɗaya ce. Shi ya haƙa ta da hannunsa, gaba ashirin cikin marmara, ya yi mata murfi da kwaɗo, ruwanta garau, amma sai ka saya. Ta ce ba ta yi ciniki ba tukuna, ya karɓi tulu ɗaya. Ya ce tuluna sun yi masa yawa, kuma in ya buɗe wa mutum ɗaya yau, gobe gari ne zai zo. Ban ce mugu ne ba, na san zafin haƙa. Amma wallahi guga biyu ba su rage rijiya.

Ta ja jakin zuwa ƙauye na gaba, inda aka yi gayya aka haƙa rijiya ta kowa da kowa. Mutanen garin kuma sun taɓa shan wuyar masu doguwar igiya, masu kwashe ruwa kafin tsofaffi su iso. Shi ya sa suka hana kowa zura gugansa. Guga ɗaya ne, na gari, da safe ake ja a raba wa kowane gida tulu huɗu daidai, sannan a kulle shi a ɗakin mai unguwa. Doka mai kyau, sai dai masu yin ta sun manta da baƙo, ga mai unguwa ya tafi jana'iza da makulli a aljihu. Wata tsohuwa ta kawo mata ƙwarya guda daga rabonta. Ina ƙwarya, ina cikin jaki? Kafin la'asar jakin ya kwanta a bakin rijiyar, tuluna goma sha biyu a bayansa, babu ɗigo a ko ɗaya. Matar ta leƙa, ga ruwa can ƙasa yana sheƙi. Bai sake tashi ba.

Har yau in na tuna da ita sai zuciyata ta karye. Na farko ya ce haƙƙinsa ya tsare, na biyu suka ce adalci suka tsare, ita kuwa ta ɗauki tulu biyu a ka ta juya gida a ƙasa. Don haka kada ka tambaye ni rijiya ta wa ce, Malam. Tambaye ni ko mai ƙishi ya sha. Hausawa sun riga mu faɗa: rijiya ta bayar, guga ya hana.