Farashin Garkuwa

"Garkuwar nan ta yi arha," in ji Yayana, ya turo mini katin a kan teburin asibiti. Injin wankin ƙoda yana ta aiki a gefensa.

Shekara shida muna tsara wasanmu na kati, na jarumai da ɗan lido, shi ke yanke farashi. Dokarsa ɗaya ce: duk makamin da allolin wasan suka saukar, sai mai shi ya biya abin da zai ji a jikinsa. Garkuwata kuwa tana ceto abokin tafiyar da ke bakin mutuwa.

Na ce zinariya dubu, ya girgiza kai. Na ƙara da doki da takobi, ya ce na raina alloli.

Sai na rubuta: rabin lafiyar mai garkuwa, har abada.

Ya daɗe yana kallo. "Yanzu ta yi, Auta. Jarumin kirki zai biya."

"To sa hannu, Yaya, don Allah."

Ya ɗaga katin. A ƙarƙashinsa ga takardar da ya yi wata uku yana ƙin taɓawa, ta karɓar ƙodata.