Hoton Mimidoo da Ƙanwarta

Sau uku Dooshima tana tambayar Anti Ursula hoton, sau uku Anti tana cewa ya ɓata wajen ƙaura. Ranar da Anti ta tafi cin kasuwar Agyaragu kuwa, sai Dooshima ta same shi a ƙasan akwatin Anti, naɗe cikin tsohon ɗankwali.

Shi kaɗai ne hoton mahaifiyarta Mimidoo, wadda ta rasu Dooshima tana 'yar shekara biyu. Ga ta tsaye da tsohon ciki tana dariya. Ƙanwarta Ursula na gefe, fuska a ɗaure, ta lulluɓa har gwiwa. Zanensu iri ɗaya, mai ratsin baƙi da fari. Kwanan watan da ke bayan hoton ya nuna saura wata biyu a haifi Dooshima.

To me ya sa ake ɓoye shi? Anti ce ta raine ta, ko aure ba ta yi ba, amma da an ambaci Mimidoo sai ta tashi ta bar wajen. A ƙauye ana raɗe-raɗin cewa 'yan'uwan ba su rabu lafiya ba, kuma ciwon Mimidoo babu wanda ya gane kansa. Dooshima ta fara tunanin abin da bakinta ba zai iya faɗa ba: ko Anti na da hannu a mutuwar?

Ta ƙura wa hoton ido. Hannun Anti na dama yana cikin lulluɓin, zanen ya ɗan tasa. Me ta riƙe?

Wannan kuwa shi ne binciken Dooshima a jami'a, nan Lafia: manhajar da ke bin yadda ratsin yadi ya lanƙwasa a hoto ɗaya tal, ta fitar da siffar abin da yadin ya rufe. Ta ɗauki hoton da waya, ta tura kwamfuta.

Tana cikin jira Anti ta shigo da doya a ka, ta hango hoton.

"Wa ya ce ki taɓa min akwati?"

"Anti, me kika ɓoye a cikin zanen nan?"

Anti ta sauke doyar a hankali, ta zauna a bakin ƙofa.

Kwamfuta ta gama. Dooshima ta juya siffar ta gefe, ta sake juyawa. Cikin Mimidoo ya fito da kusurwa huɗu, irin na matashin kai. A ƙarƙashin lulluɓin Anti kuwa babu komai a hannunta, tafin ne kawai ta ɗora a kan cikinta na wata bakwai.