Mutumin da Ya Zubar da Ruwan Salka

Akwai wani mutumin ƙasar Azbin da ya bar gida tun yana saurayi, ya daɗe a kudu har ya auri 'yar masunta. Kullum tana tsokanarsa, wai a garinsu ko liman da taimama ya tsufa. Shi kuwa sai ya ce akwai wani kwazazzabo a bayan duwatsun garin nasu, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse fari fat, rani da damina. Da suka zo ganin gida, ko gajiya bai warware ba ya ce sai ya kai ta. Bai tambayi kowa hanya ba. Ina shi ina tambaya a ƙasar da aka binne cibiyarsa? Suka cika salka, suka ɗaure ta a ƙarƙashin cikin jaki don inuwa, suka kama hawan duwatsun da ƙafa, ga ta da ƙaramin ciki.

To, mutanen wajen suna da ƙa'ida: ba a zubar da tsohon ruwa sai hannu ya taɓa sabo. Ya san da haka sarai. Amma da rana ta take, bayan sun yi nisan da komawa ba wasa ba ce, suka hango farin ruwan can ƙasa, har rugugin zubarsa na zuwa kunne. Matar ta ce, "Maigida, ashe ba cika baki kake ba. To raba ni da ruwan nan mai warin akuya." Daɗi ya ɗebe shi, ya kwance bakin salkar ya tuttular, wai a ɗauraye ta a cika da mai sanyi. Sai da suka isa bakin kwazazzabon ya ga abin da ake ciki. Hanyar gangarawar da ya sani tun yana kiwon awaki ta zabtare a shekarun da ba ya nan. Kowa a gari ya sani, sai shi. Ya bi gabas, ya dawo ya bi yamma, dutse a miƙe kamar bango. Ya ƙulla rawaninsa da igiyar jaki ya zura ƙwarya, ko rabi ba ta kai ba. Ruwa dai na ta zuba a gaban idonsu, yana ta zuba.

Ya ɗora matar kan jaki suka juya baya. Leɓunanta suka tsattsage, ta daina tsokana, daga baya ta daina magana. Masu raƙuma ne suka tsince su washegari, rijiya ba nisa. Shi ya tashi. Ita kam a nan aka yi mata sutura, da ita da abin da ke cikinta.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, hangen Dala ba shiga birni ba ne.