Mashigar Haɗiye-Raƙumi

Tunda kana tambaya wane suna za ka ɗora a kan maƙala, na takarda ko na bakin mutane, to gyara zama ka ji. An yi wani malamin makaranta da aka ɗora wa aikin haɗa kundin sani na gundumarsu: garuruwa, kasuwanni, tafkuna, duk abin da ke da suna. Mutum ne mai ƙwazo, amma wallahi boko ya hau masa kai. Da ya zo kan wata mashigar rafi, ya tarar takardun hukuma sun ce Mashigar Alheri, alhali ba mahaluƙin da ya taɓa kiranta haka. Haɗiye-Raƙumi kowa ke cewa, don yashinta a ido busasshe ne, ƙarƙashinsa kuwa laka ce mai zurfi, ta taɓa cinye raƙumi da kayansa. Malam ya yatsine fuska, wai sunan ƙauyanci ne, zai ɓata masa littafi. Wani tsoho mai lambu a bakin rafin ya ce, "Malam, bari. Sunan nan da hawaye iyayenmu suka raɗa shi. In ba za ka sa shi a kai ba, sa shi ko a gefe." Malam ya yi masa murmushin da ake yi wa jahili, ya ja layi ya soke. Da sunan ya fita, labarin lakar ma ya bi shi, ai ba ka bayanin sunan da ba ka rubuta ba. Aka buga littafi, aka yi taro, aka sha tafi.

Cikin murna ya aika wa ƙanensa da guda ɗaya. Shi ƙanen nan tun yana ƙarami kawunsu ya riƙe shi a birni, bai san ƙasar ba. Bayan damina ya taso a babur zai duba tsohuwarsu da ke kwance. Mai shayin tasha ya ja masa kunne, ko me zai yi kada ya bi ta Haɗiye-Raƙumi. Bawan Allah ya buɗe littafin wansa, ya duba sama ya duba ƙasa, babu wannan suna. Sai ga Mashigar Alheri, an rubuta ita ce hanya mafi kusa. Ya yi hamdala ya kaɗa kan babur.

Kwana biyu ana tono kafin a same shi. Tsohon nan mai lambu shi ya zaro jakarsa, ya miƙa wa Malam. Littafin na ciki jage-jage da laka, an naɗe gefen shafin mashigar. Malam ya zauna daɓas a kan yashi ya yi kuka kamar ransa zai fita, ga tsohuwa can a gida tana ta tambaya ko baƙonta ya iso. Har ya koma ga Allah bai sake riƙe alƙalami ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.