Gaɓa ta Bakwai

Eusebio ya faɗo daga tsani yana shafa wa bango farar ƙasa, ana saura 'yan kwanaki bikin girbin inabi na garin Jerez. Da likita ya ce wuyan hannun dama ya karye, bai ko tambayi yaushe zai warke ba. Hankalinsa yana kan yayarsa Fuensanta, wadda za ta yi waƙa a dandalin unguwa ranar Lahadi da la'asar.

Tun suna yara ita ke waƙa, shi ke kaɗa mata jita. Kowane makaɗi a garin yana da sehiyarsa, ɗan katako mai shimfiɗar fata da ake ɗaure wa jita a wuya don sautinta ya dace da muryar mai waƙa. In an matsa da ita gaba, sauti ya ƙara tsini. Fuensanta da sehiya a gaɓa ta bakwai ta wuyan jita take waƙa, kuma da wannan aka san ta. Tsofaffin unguwa kan leƙa wuyan jitar su ƙirga, su gyaɗa kai su ce har yanzu matar nan ba ta sauko ba.

Eusebio ya san ba haka zancen yake ba. Wani hunturu da ya wuce da daɗewa, muryarta ta tsinke a wajen wani biki, ya ga yadda fuskarta ta yi. Daga ranar, kafin su hau dandamali sai ya juya baya ya sassauta tsirkiyoyi duka shida, sannan ya ɗaure sehiya a bakwai. Ido ya ga bakwai, kunne ya ji biyar. Ba ta taɓa cewa uffan ba, shi kuwa yana jin daɗin wayonsa ƙwarai.

Ya kuma lura da yadda girma ke kama ta. Ta bar dogayen waƙoƙi ta koma gajeru. Ta ɗauki sababbin ɗabi'u irin na tsofaffi: sai ta kawo masa ruwan ɗumi ya tsoma hannu kafin wasa, sai ta ƙwace akwatin jitar ta ce ita za ta ɗauka. Duk ya ƙyale ta, don yana tausayinta.

Masu shirya biki suka ce wani makaɗi, Nicanor, shi ne zai maye gurbinsa. Gwani ne, ba musu, amma bakinsa ba ya riƙe magana. Abin da ya ji da safe, kafin azahar masu sayar da kifi sun ƙara masa gishiri. Gaya masa sirrin daidai yake da yin shela.

Eusebio ya fara gwada yayarsa.

“Yaya, ko a fasa bana? Kowa ya ga hannuna.”

“Hannunka ne ya karye, Auta, ba maƙogwarona ba.”

“To ko a sauka biyar, na rana ɗaya?”

Ta dube shi sama da ƙasa. Shekarunsa sittin da ɗoriya, amma in ta yi masa wannan kallon sai ya ji kamar yaron da ya fasa tulu.

Ranar Lahadi ya je da wuri, hannu rataye a wuya, ya sami Nicanor a bayan dandamali yana cin soyayyen kifi. Ya miƙa masa sehiyarsa ta itacen zaitun, ya ce ta ƙarfen da Nicanor ya saya a kanti tana cizon wuyan jita. Nicanor ya karɓa da murna. Sai Eusebio ya ce bari ya ɗan daidaita masa tsirkiya, tunda shi ya san kunnen yayarsa.

“Da wane hannu, maigida?” Nicanor ya yi dariya har ya ƙware. “Je ka zauna ka ga yadda ake kiɗa.”

Eusebio ya zauna a layin gaba. Dandali ya cika maƙil. Tsofaffin nan sun jeru da sandunansu, sun ƙirga, sun gyaɗa kai. Nicanor ya murɗa maɗaurin sehiya, ya goga yatsa a kan tsirkiya, sautin ya fito siriri, a bakwai ta gaskiya. Eusebio ya runtse ido. Ya ƙudura cewa da muryar ta tsinke zai faɗi ƙasa ya yi suman ƙarya, a manta da ita a taru a kansa.

Fuensanta ta buɗe baki.

Muryar ta hau, ta kai inda yake tsoro, ta wuce. Doguwar waƙa ta ɗauko, irin wadda ya daɗe bai ji daga bakinta ba, ta ja ta har ƙarshe ba ko gargada. Mata suka miƙe suna tafi, wani tsoho ya jefa hularsa kan dandamali. Eusebio ya nemi ya yi tafi ya tuna hannu ɗaya gare shi, sai ya zauna yana hawaye, farin ciki da ruɗewa sun haɗu sun yi masa yawa.

Da ta sauko ta ratsa mutane ta zo ta zauna kusa da shi tana fifita. Ta kama lafiyayyen hannun tana murza masa yatsu, ta rage murya don kada Nicanor ya ji.

“Share hawayenka, Auta, ba wanda zai karɓe maka wuri. Ka warke kawai, zan ci gaba da sauko maka. Tun hunturun da yatsunka suka kasa danna tsirkiya mai tauri ka fara sassautawa a ɓoye, tun sannan nake danne muryata, don kada gari ya san ka tsufa.”