Ƙwaƙwalwar Raƙumin Azagor

Sanda ta farko ta sami Mudathir a ƙeya, ta biyu ta fasa masa baki. Halidu mahauci bai sassauta ba sai da baƙon ya zube cikin jinin mahauta.

"Matsafi! Mi kake yi da ƙwaƙwalwar raƙumina?"

Sai da rana labari ya iske Halidu. Wai da safe an ga baƙon ya zura dogon cokali ta ƙeyar raƙumin da aka yanka, wanda ya zo daga Azagor yana tangaɗi, ya ɗebi guntu ya jefa a kwalba.

Halidu ya fizge kwalbar, ya rotsa ta da ƙasa, ya murje da takalmi har ta koma laka. Jama'a na ihu, "Ƙara mashi!"

Mudathir ya tofar da haƙori. "Daga labo nike, ɗakin gwajin cututtuka na Yamai. Akwai cutar da ke cinye ƙwaƙwalwa. Dahuwa ba ta kashe ta, magani har yau nemanshi muke. Guntun nan ne zai gaya muna ko raƙumin na da ita. A binne kan, kar kowa ya ci."

Sandar ta suɓuce wa Halidu. Kai rabon mahauci ne, tun hantsi ya aika da shi gida. Kuma a gidansa Aziza, autarsa, ake soya wa ƙwaƙwalwa, don ta yi ƙoƙarin karatu a lakwal.

Ya durƙusa yana tattara lakar da hannu biyu.

"Likita, don Allah, wannan za ta yi?"