Mama Ba Ta Gane Levi Ba

"Ku dubi mahaifiyata," in ji Dakta Levi, yana nuna tsohuwar da ke kujerar gaba a majami'arsu ta Kafanchan. "Tun da na sauka ba ta gane ni ba."

Ƙanwarsa Yemima ta ja tsaki. Ita ke yi wa Mama wanka, ita ke kai ta asibiti a kan okada. Shi kuwa tun da ya haye Turai, ko jana'izar Baba bai zo ba. Yau ga shi cikin kwat, ya mai da uwarsa abin lacca.

"A ƙwaƙwalwa akwai mahaɗa inda jijiya ke miƙa wa jijiya saƙo," ya ci gaba. "Wasu sinadarai da ake kira furotin ne ke ƙarfafa mahaɗar idan ka koyi abu kana maimaita shi. In suka lalace, sai mantuwa. Na Mama sun gama aiki."

'Yan zumuntar mata suka girgiza kai, wata har da hawaye. Ya durƙusa gaban tsohuwar don kowa ya shaida.

"Mama, wane ne ni?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Sannu, baƙo."

Yemima ta kama hannun Mama suka nufi waje. A bakin ƙofa Mama ta jawo ta kusa, ta yi mata raɗa.

"Ki dafa ma Levi gwaten acca, yana so da yakuwa. Amma ki rufe bakinki. Bari shi ma ya ji yadda ake manta mutum."